Bayan an cire nono: yadda za a kula da ciwon, da hannu, da mai ciwon a gida

Ranar da aka sallami yayata daga asibiti a Yamai, bayan an cire mata nonon hagu saboda ciwon daji, mun fito da leda cike da magani, da wata ƴar kwalba mai siririn tiyo da ya fito daga ƙasan hammatarta, da tarin tambayoyin da ba su zo mana ba sai da muka isa masauki. Mu mutanen Tawa ne, tsakaninmu da likitan da ya yi aikin akwai tafiyar da ta haura kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, saboda haka duk abin da muka manta ba mu tambaya ba, da fargabarsa muka riƙa kwana. Ni ce na yi jinyarta tun daga wannan rana har ta koma ɗakinta, kuma abin da zan rubuta shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da mu ya faɗa mana tun muna bakin gadon asibiti. Maganata ba ta maye gurbin ta likitan da ya yi miki aiki, ƴar'uwa, domin shi ya ga abin da ke ciki, kuma duk inda ta saɓa da tasa, ki bi tasa.

Ki fara da sanin abin da aka yi miki. Yawancin matanmu ba sa isa gaban likita sai ciwon ya girma, don haka aikin da aka fi yi shi ne a cire nonon gaba ɗaya, a haɗa da ƙwayoyin kaluluwa da ke cikin hammata, waɗanda ruwan jiki na hannu da na ƙirji ke bi ta cikinsu kafin ya koma cikin jini. Ke nan rauni biyu gare ki. Akwai na ƙirji wanda ido ke gani, shi kowa ke tsoro, amma in an kula da shi yakan haɗe cikin mako 2 zuwa 3. Akwai kuma na hammata wanda ba a ganin zurfinsa, kuma daga gare shi ne za a san ko hannun zai koma yadda yake, ko zai sandare, ko zai kumbura. A ganina kuskuren da aka fi yi a gidajenmu shi ne a tattara hankali duka a kan ɗinki, a bar hannu a naɗe a jikin ƙirji kamar karyayye.

Kafin a bar asibiti, mai jinya ta samu littafi da biro ta tsaya gaban likita ko majo, wato babban ma'aikacin jinya, ta rubuta ranar da za a dawo wankin ciwo, wato pansama, da ko za a iya yin sa a asibitin da ke kusa da gida. Ta tambayi ko zaren ɗinkin mai narkewa ne ko na cirewa, wanda galibi akan cire bayan kwana 10 zuwa 14, ta kuma karɓi lambar da za a kira in wani abu ya taso cikin dare. Abin da ya fi duka shi ne ta san inda aka kai naman da aka cire domin awo, abin da ma'aikata ke kira anapat, da ranar da sakamakon zai fito, da wanda zai je ya karɓo shi, domin da wannan takarda za a tsara duk maganin da zai biyo baya. A nemi takardar bayanin aikin, a haɗa ta da hotuna da sakamakon awon jini cikin jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga, a kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya. Wadda ta zo daga Tawa ko Madawa ko Abalak, in tana da dangin da za su sauke ta a Yamai, gara ta zauna har a cire tiyon a ga ciwon ya kama hanyar warkewa. In tafiyar ta zama dole, ta zauna inda ba za a matsa mata ta ɓangaren aikin ba, ta sa ƙaramin matashi tsakanin ƙirjinta da hannunta, ta kuma sauko ta taka ƙafa a duk inda motar ta tsaya.

Tiyon nan da kwalbarsa, wanda ake kira diren, aikinsa shi ne ya janye jini da ruwan da ke taruwa a gurbin da nonon ya bari. Wasu likitoci ba sa sallama sai sun cire shi, wasu kuma sukan bar mace ta tafi da shi gida har mako 1 ko 2. Kwalbar ta zauna ƙasa da ciwon a koyaushe, cikin ƴar jakar yadi da aka ɗaura a ƙugu, kada a bar ta tana lilo, domin nauyinta yana jan fatar da aka ɗinke tiyon a kai. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, bayan sallar asuba misali, a yi alama da biro a inda ruwan ya tsaya, a rubuta a littafi abin da ya ƙaru tun jiya. Launinsa yakan fara da ja, ya koma ruwan hoda, daga baya ya zama rawaya-rawaya kamar tsinkakken shayi, kuma wannan sauyi alamar lafiya ce. Galibi akan cire tiyon idan abin da ke fita a yini da kwana ya sauko zuwa wajen mililita 30, amma likita ne ke yanke wannan hukunci da lissafin da kuka kai masa. Kada a buɗe kwalbar sai in ma'aikata sun nuna yadda ake yi, domin wasu kwalaben iskar da aka zuƙe daga cikinsu ce ke jawo ruwan, da an buɗe sun daina aiki. In tiyon ya zare da kansa, kada a mayar da shi ciki, a rufe ramin da kwampires mai tsabta, wato ƙyallen asibiti na rufe ciwo, a nufi asibiti.

Ciwon kansa tsabta da bushewa yake so. Duk wadda za ta taɓa kusa da shi ta wanke hannu da sabulu tukuna. Har sai likita ya ba da izinin zuba ruwa, a yi wanka daga ƙugu zuwa ƙasa, a goge sama da tsumma mai laima ba tare da an jiƙa bandejin ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai da Tawa ke haura digiri 40, gumi yakan jiƙa bandeji tun kafin ranar sauya shi, kuma jiƙaƙƙen bandeji yana da haɗari ga ciwo, don haka a je a sauya shi ba sai ranar ta cika ba. Riga mai faɗi ta auduga wadda ake buɗewa ta gaba ta fi dacewa, a kuma bar ɗaurin ƙirji, domin bakin zanen a kan ɗinkin yake zama daidai.

A nan sai mai jinya ta yi ƙarfin hali, domin ƴan dubiya za su zo da shawarwari, kuma da kyakkyawar niyya za su zo. Wata za ta kawo garin magani, wata man shanu, wata ta ce a fasa kafso a barbaɗa, wata kuma ta ce a gasa wurin da ruwan zafi kamar yadda ake yi wa mai jego. Babu ko ɗaya da ya kamata ya taɓa ciwon. Gashin ruwan zafi ma ya fi sauran haɗari, saboda jijiyoyin da ke kai wa fatar wurin ji an yanke su a lokacin aikin, mace tana iya ƙonewa har fata ta saluɓe ba ta ji komai ba. Addu'a kuwa a yi ta yi, babu abin da ya kai ta sanyaya zuciyar mara lafiya, sai dai a yi tofi a tafin hannu a shafa mata a kai da fuska, a bar bandejin a rufe.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ja da ke bazuwa daga bakin ɗinkin, mugunya ko wari, ɗinki da ya buɗe, fatar bakin ciwon da ta fara baƙi, ko ƙirji da ya kumbura cikin ƴan awoyi ya yi tauri yana zogi, wanda ke nuna jini na taruwa a ciki, duk waɗannan na komawa asibiti ne a ranar. Haka nan idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya soma sarƙewa, domin gudan jini kan taru a ƙafar wanda ya daɗe a kwance ya kuma tafi huhu. Shi ya sa ake son ki tashi ki zaga tsakar gida tun washegarin aiki, sau da yawa a yini. A sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi, kuɗinsa kaɗan ne. Kuma tun da mu a nan duk zazzaɓi sunansa na sauro, kada a sayi maganinsa a sha a zauna: a je a yi gwaji, a kuma buɗe ciwon a duba. Wani abin da ke tsorata mutane alhali galibi ba shi da haɗari shi ne ruwan da ke taruwa ƙarƙashin fata bayan an cire tiyo, har mace ta ji yana motsi in ta juya. Ƙarami jiki kan shanye shi, babba kuma likita kan zuƙe shi da sirinji, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Wannan ba dawowar ciwon ba ne.

Maganin zafi a sha shi a kan lokacinsa a kwanakin farko, kada a jira sai ciwon ya yi tsanani, domin wadda ke jin zogi ba za ta yarda ta motsa hannu ba. Parasetamol kada ya wuce giram 3 a yini sai da umarnin likita, kuma a lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi. In an rubuta tiramadol, a saye shi a farmasi da takardar likita, a tsaya a kan adadin da aka faɗa, a guji na masu talla a bakin titi. Yana ƙulle ciki, don haka a yawaita ruwa da miyar kuɓewa da ganye da ƴaƴan itace. Za ki ji bayan damtsenki da hammata sun mutu kamar ba naki ba, wani lokaci kuma ki ji kamar tsinin allura ko wucewar lantarki, har ma ki ji ƙaiƙayi a kan nonon da babu shi. Yayata ta ɓoye wannan na ƙarshen kwana da kwanaki don tana tsoron a ce ta taɓu. Jijiyoyin da aka yanke ne ke aika saƙo, yawanci yakan ragu da watanni, in kuma ya hana barci akwai maganin da aka tanada domin ciwon jijiya, sai a faɗa wa likita. Wajen kwanciya, rigingine ya fi sauƙi, da matashi a ƙarƙashin hannun domin ya ɗan ɗaga.

Yanzu sai maganar hannu, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Motsa shi yana farawa ne tun washegarin aiki, sai in likita ya hana. A makon farko, muddin tiyo na jiki, abin da ake so kaɗan ne: ki dunƙule hannu ki buɗe, ki juya wuyan hannu, ki lanƙwasa gwiwar hannu ki miƙe, ki ɗaga kafaɗu zuwa kunne ki sauke, ki juya su baya a hankali, sannan ki ja dogon numfashi har ƙirji ya buɗe. Kowanne sau 5 zuwa 10, sau 3 a yini, kuma hanyar da ta fi hana mantuwa ita ce a ɗaura shi a kan lokutan salla, bayan asuba da azahar da isha'i. Ki ci abinci da hannun in na dama ne, ki ja tasbaha da shi, ki wanke fuska, amma kada gwiwar hannun ta wuce tsayin kafaɗa tukuna.

Bayan an cire tiyo, likita ya kuma yarda, sai a shiga miƙa shi sama. Ki tsaya kina fuskantar bango, ki ɗora yatsu a kai, ki riƙa hawa da su a hankali har inda kika ji wurin ya ja, ki tsaya nan kina numfashi kamar daƙiƙa 10, ki sauko. Mai jinya ta yi alama da gawayi a inda yatsun suka kai, domin ganin alamar yau ta ɗara ta shekaranjiya yana ƙara ƙwarin gwiwa fiye da duk wani lallashi. Ki sake yin haka kina ba bangon gefenki. Sannan ki kwanta rigingine a tabarma, ki riƙe muciya da hannu biyu, lafiyayyen hannun ya taimaki ɗan'uwansa ku ɗaga ta zuwa saman kai. Ki haɗa yatsu a bayan wuya ki buɗe gwiwoyin hannu, ki kuma gwada kai hannu gadon baya kamar mai ɗaura zane. Ja da ɗan nauyi daidai ne, zafi mai kaifi kuwa yana nufin a dakata. Wasu matan sukan ga wani abu kamar igiya ya miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu yana hana miƙewa. Hanyoyin ruwan jiki ne da suka taurara, kuma miƙewar nan a hankali ita ce maganinsa. Abin da ake nema shi ne cikin mako 4 zuwa 6 hannun ya kai saman kai, domin in za a yi miki gashin na'ura, wato radiyoterafi, da ake kashe ragowar ƙwayoyin ciwon da hasken na'ura, a kwance za ki kasance hannunki a saman kai, wadda kafaɗarta ta sandare kuwa sai an jinkirta mata. In lokacin ya wuce hannun bai kai ba, ki roƙi likita ya tura ki wajen kine, masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki.

Motsa hannu daban, aikin ƙarfi daban. Har mako 4 zuwa 6, babu daka, babu surfe, babu jan guga, babu tuƙin tuwo, babu wanki da matsa, babu ɗora kaya a ka. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, alhali abin da ya dace ki ɗauka a wannan lokaci bai wuce buta cike da ruwa ba. Goyo ma a dakata da shi, saboda majanyi a kan ciwon ake ɗaure shi, sai a zaunar da yaron a cinyarki ki rungume shi ta lafiyayyen ɓangare. Wannan magana ta maigida ce da sauran mutanen gida fiye da mai ciwon, domin macen Bahaushe ba ta iya kallon aiki a zube ta zauna, musamman in tana tsoron a ce ta zama kaya. Tun kafin ta dawo a raba ayyukan, a san wa ke ɗebo ruwa, wa ke girki, wa ke kai niƙa. Bayan wannan lokaci kuma kada a hana ta komai har abada da sunan tausayi. Ta koma aiki kaɗan-kaɗan, tana ƙarawa mako bayan mako, domin hannun da ke aiki daidai gwargwado ya fi wanda aka ajiye lafiya.

Kumburin hannu shi ne abin da za ki sa wa ido muddin rai. Tun da an cire ƙwayoyin da ruwan jiki ke bi, hanyar ta ƙuntata, kuma kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa aikin hammata gaba ɗaya takan samu wannan kumburi, wata bayan watanni, wata bayan shekaru. Yakan fara a ɓoye: zobe ya matse, awarwaro ya ƙi wucewa, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya ɗamewa, ko hannun ya riƙa nauyi da yamma. A ari tef ɗin awo na tela, a auna kaurin hannayen biyu santimita 10 sama da gwiwar hannu da santimita 10 ƙasa da ita, a rubuta, a maimaita kowane wata. Bambancin da ya kai santimita 2 dalili ne na ganin likita, domin a farkonsa ana shawo kansa da tausa ta musamman da naɗi da safar hannu mai matsewa, in ya daɗe kuwa fatar takan yi kauri ya zama da wuyar sauka. Ƙwayoyin sa fitsari ba sa maganinsa, tsagar wanzami da ƙaho kuwa ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta a hannun da ba shi da masu tsaro.

Saboda haka fatar wannan hannu abar kiyayewa ce. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da jiki har ya tsattsage, ki shafa man kaɗanya safe da dare. Ki yi hattara da wuƙa da ƙayar kifi da ƙarangiya da tartsatsin mai a bakin murhu, ki kwana cikin gidan sauro, ki yanke farce da abin yankanki na kanki. Kada reza ta shiga hammatar da ba ta ji. Lallen gargajiya ba shi da laifi a fata lafiyayya, amma baƙin lallen da ake haɗawa da sinadarin rini yakan ƙona fata, gara a bar shi. Allura da ɗibar jini da awon hawan jini, in da hali a yi su a ɗaya hannun, ki riƙa faɗa wa ma'aikata da kanki. In kin yanke, ki wanke da sabulu nan take, ki sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki rufe. In kuwa hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, a ranar ake neman likita, domin irin wannan yana yaɗuwa da sauri. Ƙiba ma tana ƙara haɗarin kumburin.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. Jiki da nama yake gina nama, don haka ki ci wake da ƙwai da kifi da nama da gyaɗa da nono da cuku, ki haɗa da zogale da sauran ganye, ki sha ruwa sosai. Maganar cewa ƙwai ko nama suna sa ciwo ya yi mugunya ba ta da tushe, kuma mace da aka bari a kan kunu zalla ciwonta ya fi jinkirin haɗewa. Mai ciwon suga ta kula da awonta, domin suga mai yawa yana hana rauni warkewa. Game da ibada, addini ya sauƙaƙa: wadda ruku'u da sujada ke ja mata ɗinki tana salla a zaune, akwai hukuncin shafa a kan bandeji da na taimama wanda malami zai fayyace miki, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya ba mara lafiya izinin ajiye azumi ya rama daga baya.

Wani abin da ke cinye matanmu shi ne a ɗauka aikin ya ƙare da cire nonon. Ciwo ya haɗe, ƙarfi ya dawo, kuɗi sun ƙare, sai a ce an warke, a bar takardar anapat a asibiti babu mai karɓa. Ga kuma tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wadda ke sa wasu su guje wa allura bayan sun riga sun tsallake wuƙa. Gaskiyar ita ce ƙwayoyin ciwon da ido ba ya gani suna iya saura a jiki, kuma su ake bi da shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya, wanda galibi akan fara ƴan makonni bayan aiki ana maimaitawa duk kwana 21, da gashin na'ura, wanda ake yi kwana 5 a mako na tsawon mako 3 zuwa 5. A da sai an fita waje ake samun wannan gashi, amma tun 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai ta fara yin sa. Tun 2007 kuma dokar Nijar ta sa kula da ciwon daji na mata cikin ayyukan kyauta a asibitocin gwamnati, sai dai iyali su yi tanadin kuɗin mota da masauki da abinci da abin da za a saya a farmasi in ba a same shi a asibiti ba, su kuma nemi ofishin taimakon jama'a na asibitin su ji abin da ya shafe su. Wadda awo ya nuna ciwonta yana cin abinci daga sinadarin mata na jiki, akan ba ta ƙwaya irin tamoksifen, guda a kullum har shekara 5 ko fiye, kuma ba a ajiye ta don an ji sauƙi. Ba a ɗaukar ciki ko shayarwa muddin ana shan ta ko a lokacin shimiyo, kuma hanyar tazarar haihuwa da ta dace ita ce wadda ba ta da sinadarin, sai a tattauna da likita tare da maigida. A lokacin shimiyo, zazzaɓi kowane iri na gaggawa ne.

Ranar da za ki fara kallon tabon, kada ki kasance ke kaɗai, kuma kada a tilasta miki kafin ki shirya. Kuka a wannan rana ba rashin tawakkali ba ne. Ga maigida kuwa ina da magana kai tsaye: ciwon nan ba a ɗaukarsa ta kwanciya ko kwano ko tufafi, ba kuma laifin matarka ba ne, kuma abin da fuskarka ta nuna ranar da ka ga tabon zai daɗe a zuciyarta fiye da zafin wuƙa. Zaman aure yana komawa idan ciwo ya haɗe ita kuma ta ji ta shirya. Mai jinya ta taƙaita ƴan dubiya a makon farko, ta kuma katse cikin ladabi duk mai kawo labarin wance da ta rasu da irin wannan ciwo. In baƙin ciki ya wuce mako 2 yana hana ci da barci, a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗi zazzaɓi. Domin fita unguwa, tela mace za ta iya ɗinka ƴar aljihu a cikin rigar nono mai laushi marar ƙarfe, a cusa auduga daidai girman ɗayan. Na roba mai nauyi kamar na jiki sai bayan mako 6 zuwa 8, in fata ta warke sarai, kuma yana taimaka wa mai manyan nonuwa kada kafaɗa ta karkace.

Sau ɗaya a wata, ki shafa tabon da tafin yatsu daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ki taɓa saman ƙashin wuya, ki duba ɗaya nonon da hammatarsa, ki kuma yi masa hoton mamogarafi duk shekara. Ƴan'uwanki mata da ƴaƴanki su san abin da ya same ki da sunansa, domin su riƙa duba kansu su kuma faɗa wa likita akwai shi a dangi. A shekarun farko akan ba da randebu duk wata 3 zuwa 6, a rubuta ranar a littafin nan a kuma fara tara kuɗin mota tun da wuri. In kin ji sabon ƙullutu a kan tabon ko kusa da shi, ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, ko tari mai naci, ko ciwon kai da ba ki saba da shi ba, ko rama babu dalili, ko jini ya zo miki ba lokacinsa ba alhali kina shan tamoksifen, kada ki jira ranar randebu, ki ɗauki jakar takardunki ku tafi.